Ajin Da Ke Amsawa Baki Ɗaya

Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fata takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, ka sauka ƙauyen nan lami lafiya, mota ba ta yi muku halinta a hanyar Illela ba. Allah ya tsare mini kai daga sharrin hanya, da ruwan baƙon wuri, da mai yi maka dariya alhali cikinsa ba haka yake ba. Babanka yana gaishe ka. Ya ce in ƙyale ka ka yi aikinka, kada in zuba maka tsoro tun ba ka kama alli ba. Na ce masa na ji, da ya fita masallaci na ɗauko biro.

Labarin gida babu, yaushe ma ka bar mu. Maganar ajin da za a ba ka ce ta hana ni sakat, kuma ka san ni, abu ba ya kwana a cikina. Tun ranar da daraktan lakwal ɗinku, shugaban makarantar da aka tura ka, ya zo har Konni, ya jingine babur a ƙofar gidanmu, ya shigo da ƙwan zabi cike da kwano, raina bai kwanta ba. Na koyar a Tsarnawa, na koyar a Dogarawa, na dawo nan har na ajiye alli, ban taɓa ganin darakta ya tako gidan sabon mushe, wato malamin makaranta, ɗan kwantiragi don ya yi masa albishir ba. Sabo shi ke zuwa buro, ofishin ilimi, ya gaida manya, a miƙa masa ajin da kowa ya ƙi, mai rufin zana, wanda awaki ke ci ta baya. Kai kuwa an ce aji shida, ajin jarrabawa, mai rufin kwano, da yara masu ladabi. Akwai tsofaffin hannu a wurin. Me ya sa ko ɗaya bai yi kwaɗayin ajin nan ba? Shi kuma mushen da ya riƙo su tun suna ƙanana, me ya sa ya nemi canjin wuri a shekarar da ya kamata ya ci yabon wahalarsa? Na tambayi darakta, ya ce matar mutumin ce ruwan garin bai karɓe ta ba. To, Allah ya ba ta lafiya. Ni dai ban gamsu ba.

Sai ya ciro salula ya nuna mana bidiyon ajin suna karatu. Faransanci baki ɗaya, ba gargada, har gidan ya ɗauka. Kai kana ta murmushi, ka riga ka ga kanka a gabansu. Ni na ce a maimaita mini, na sa gilashina. A karo na biyu ban saurari murya ba, idanu na duba. Sandar mushe tana tafiya a kan allo, amma idon yaran ba ya bin ta. Na bakin taga waje suke kallo, baki yana motsi. Na tsakiya kuma duk sun ɗan karkata wajen wata yarinya mai jan kallabi a layi na biyu. Ita ke fara kalma, saura su kama. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma tana nan. Na buɗe baki zan yi magana, ka jefo mini kallon nan naka na Inna don Allah, sai na haɗiye saboda baƙo.

Yanzu babu baƙo, sai ka saurara.

Na san wannan karkatar, don na taɓa zama da ita. A shekaruna na farko a Tsarnawa ina da aji irin wannan sak. In na ɗora sanda a allo sai ka ji kamar rufi zai tashi. Mai duba aikin malamai ya zo daga buro, ya zauna a baya, ya fita yana yabona, ni kuma kaina ya kumbura har kallabi ya yi mini kaɗan. Rannan wata yarinya, Mariyama, aka tafi da ita bikin suna a tsallaken iyaka, wajen ƙanwar uwarta. Da safe na rubuta sabuwar jimla, na ɗora sanda, na ce a karanta. Shiru. Na ɗauka iskanci ne, na daka tsawa, aka ɗan yi gunaguni aka sake yin tsit. Sai na fara tada su ɗaya bayan ɗaya. Wani yaro da nake ji da shi, mai murya kamar ladan, ya taso da ƙarfin zuciya, ya sa yatsa a jimlar yau, ya karanto mini ta jiya tsaf. Ba wasa yake yi ba, shi a saninsa karatu ke nan. Ashe duk watannin nan Mariyama nake koya wa karatu, saura kuwa bakin Mariyama suka koya. Na yi kuka ranar, ba a gabansu ba, amma na yi.

Saboda haka ga abin da nake zargi, zan faɗa maka shi tsirara. Yawancin ajin nan naka ba su iya karatu ba. Wanda ya tafi ya sani, tsofaffin hannu sun sani. Jarrabawar ƙarshen shekara kowa shi kaɗai yake zama da takardarsa, babu mai jan kallabi a gefensa. In suka zube, iyaye za su taso, buro za ta tambaya, sai a ce ai da suna karatu, ga bidiyo ma, sabon yaron nan ne ya lalata su. Ɗan kwantiragi kuwa cire shi ba ya buƙatar taro. Mai yiwuwa ina ɗaukar alhakin darakta. Mai yiwuwa shi ma muryar ce ta ruɗe shi kamar yadda ta ruɗe ni, in haka ne Allah ya yafe mini. Amma ko ya sani ko bai sani ba, kayan a kanka za a sauke.

Abin da za ka yi, tun makon farko, kafin ka koyar da komai. Ka aiki yarinyar nan mai jan kallabi aike na girma, ta kai wa darakta alli ko ta kula da ƙananan aji na ɗan lokaci, yadda ba za ta ji an kore ta ba. Ka rubuta jimlar da ba su taɓa gani ba, mai sauƙi, ka ce a karanta, ka ji abin da zai fito. Bayan nan ka riƙa kiran su ƙarƙashin bishiya, kowa shi kaɗai, ka ba shi layi sabo. Kuma kada ka yi wannan kai kaɗai. Ka je ka gaida shugaban kwamitin iyaye, ka roƙe shi da ladabi ya zo ya zauna kusa da kai, ka ce kai baƙo ne kana son ya gabatar maka da ɗiyan garin. Ko bai yi lakwal ba, yana da ido, zai ga yaron da ya tsaya yana kallon ƙasa. Ka gayyaci darakta ma, har sau biyu, a gaban mutane. In ya zo, madalla. In ya ce aiki ya yi masa yawa, ka ce Allah ya taimaka, amma ka riƙe wannan a ranka.

Na san za ka ce duk wannan tsohon yayi ne, ku an koya muku sabuwar hanya. Ka dawo daga horon nan na Tawa bakinka cike da ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa tana son kaza, ƙwaƙwalwa ba ta son kaza, har ka zana mini ita a ƙasa kamar tarin hanji. Ban ɓoye maka ba, ina zargin duk mai koya wa malamai koyarwa a ɗaki mai fanka, wanda bai taɓa tsayawa gaban yara a zafin bazara ba, cikinsu babu komai sai ruwan randa. Amma na saurare ka fiye da yadda ka ɗauka, kuma akwai abin da suka faɗa daidai. Ni dai da zufa na saya, ku aka ba ku da lemon kwalba.

Sun ce ƙwaƙwalwa tana riƙe abin da ta wahala ta tono da kanta, abin da aka zuba mata kawai kuwa ya zurare. Wannan gaskiya ne, kuma a nan ne mu malaman ƙasar nan muke cutar kanmu. Ka san ɗabi'ar nan tamu ta faɗin rabin kalma yara su ƙarasa. Ka ja farkon da murya, ka ɗaga gira, aji ya rufe maka sauran da ihu, kai ka ji daɗi, su ma su ji daɗi, babu wanda ya yi tunani. Na yi shekaru ina yin haka ko bayan abin Mariyama, don bakina ya saba, shiru kuma yana ba ni tsoro. In na yi tambaya aka yi jim, sai in ji kamar ni na kasa, in yi maza in jefa musu rabin amsa. Kai kada ka yi. Ka yi tambaya ka kama bakinka. Ka bar shirun ya yi nauyi, a cikinsa ne kan yaro ke aiki. Sannan kada a amsa da baki. Kowa ya rubuta a ɗan allonsa, ya kife, sai ka ce a ɗaga tare. Ka fara duban na baya da na jikin bango, can ne gaskiyar aji take zama. In ka ga allo biyar a jere da kuskure iri ɗaya, ka san mutum ɗaya ne ya yi kuskuren, sai ka raba musu wurin zama.

Kuma abin da ka koyar yau, kada ka yarda da amsar yau. Yau yana nan a bakin kunne, kowa zai maido maka. Ka bari a kwana biyu, ka tambaya ba tare da ka tuna musu ba, ka sake bari mako ya zagayo ka tambaya ta wata fuska. Za su yi tsaki, za su ce mushe ai an wuce nan. Ka ce ka sani. Wanda ya fito da shi bayan ya fara mantawa, shi ne ya mallake shi.

Sun kuma ce tsoro yana rufe kai. Da wani ya gaya mini haka a lokacin da na yi masa dariya, mu da aka rene mu da tsumagiya. Bayan na gano ajina na Tsarnawa, haushi ya sa na koma duka. Na ce tunda sun yaudare ni, za su karanta ko sun ƙi. Kullum sai ƙara lalacewa suke yi. Akwai wata ƴar siririya, Habsu, da in na tada ita ko harafin farko na sunanta ba ta iya nunawa. Wata rana a lokacin hutu na bi ta bayan aji, na iske ta tana haɗa wa ƙawarta baƙaƙe a ƙasa da tsinke, tana yi daidai. Da ta ɗago ta gan ni, komai ya tashi. Ashe abin yana nan, ni ce nake korar shi. Ba yaudarata suka yi ba, Auta, abin da na nuna ina so shi suka ba ni. Ajinka ma haka ne. In ka iske ba su iya ba, kada ka huce a kansu. Ka sa kuskure ya zama abu mai araha a ajin. Kai da kanka ka riƙa rubuta abu ba daidai ba a allo, da gangan, ka juya baya ka jira. Ranar da wani na layin ƙarshe ya ɗaga hannu ya ce mushe ka yi kure, ka gode masa da gaske. Daga ranar za ka ga idanu sun koma kan allo, don kowa yana son ya kama malami.

Yanzu inda ban yarda da mutanenka na Tawa ba, ko in ce inda nake tsoron za ka fahimce su a karkace. Tafi, waƙa, zama rukuni-rukuni. Ka ba ni labarin yadda kuka yi ta tafi iri-iri kuna dariya, ka ce haka ake jawo hankalin yara. Hankali kan jawu, ban musa ba. Yaro ba ya iya zama tun safe yana kallon bakinka, in ka ga hamma ta fara yawo ka tada su, su miƙe, su rera wani abu, su zagaya aji su dawo. Amma aji mai hayaniya da aji mai koyo ba lalle ne su zama ɗaya ba, kuma daga ƙofa ba a bambance su. Waƙa ana haddace ta dunƙule. Na ga yaran da ke rera lissafin ninki tun daga fari har ƙarshe, ka tsinko musu ɗaya daga tsakiya su tsaya suna kallonka, sai sun koma sun faro. Rukuni kuma, in ba ka yi hankali ba, amshin nan ne dai aka zaunar a da'ira. Ɗaya yana aiki, saura suna kallon hannunsa. In za ka yi rukuni, kada ka bar su su zaɓi mai magana. Kai za ka nuna wanda ka ga dama bayan sun gama, kuma su san haka tun farko. Za ka ga mai ƙoƙarin ya daina rufe allonsa da hannu, ya koma yana jan kunnen na kusa da shi har ya gane.

Abu mai wuya ka sa shi da safe, tun kunun gida bai bar ciki ba. In rana ta take, ka ba su abin yi da hannu. Kada kuma ka ji kunyar yin bayani da Hausa in Faransanci ya tsaya. A Dogarawa na yi ta fama da faɗi da tsawo a allo ba su gane ba, sai da na fita da su na ce a ja mini fangalin albasa a ƙasa. Nan take yaran da nake kira daƙiƙai suka fara gardama da juna a kan wane fangali ya fi cin iri. Sabon abu sai ya sami tsohon da zai rataya a jikinsa, in babu ya faɗi.

Ita kuma mai jan kallabi, amana ce a hannunka. Ba ta yi laifi ba, shekaru ta yi tana ɗauke da aji a maƙogwaronta. Ni da na gano Mariyama, cewa na yi ta riƙa yin shiru har kowa ya gama, ban yi mata bayani ba. Yarinyar ta ɗauka na tsane ta, ta daina ɗaga hannu, ta rame a idona. Kai ka kira taka gefe ka gaya mata ta wuce wannan matakin, ka ba ta abin karantawa da ya fi na saura wuya, ka riƙa tambayarta abin da ta samu a ciki. Ka kuma sa ido, don in asirin aji ya tonu, akwai waɗanda za su ɗora mata laifi a hanyar rijiya.

Ba zan yi maka ƙarya ba, abin da zai biyo baya ba daɗi. Iyaye sun daɗe suna wucewa ta bayan aji suna jin murya suna cewa masha Allah. Za su ji zafi, wasu za su ce gara yaro ya koma gona. Kada ka zagi wanda ya tafi a gabansu, ko sau ɗaya, ba ka san surukin wa ba ne. Ka ce abin da ka iske ke nan, ga kuma abin da za ka yi. Darakta ka ba shi girmansa, ranka ya daɗe a kowace jimla, amma kada ka janye ko kalma ɗaya. Za ka koma koya wa ƴan aji shida haɗa baƙi, abin kunya a ido, kuma ba za ka gama tsarin shekara ba. Mai duba aiki zai iya zuwa ya iske ajinka shiru, yara suna ta fama da ɗan allo, ya rubuta ka a rago. Ba duka za su ci jarrabawa ba ko me ka yi, lokaci ya ƙure. Amma wanda ya fita hannunka yana karanta layi da idonsa, wannan ba mai ƙwace masa har ya tsufa.

Zargina na ƙarshe a kanka yake, kuma shi ya fi damuna. Ni na haife ka, na san kana son a yabe ka tun kana rarrafe. Kana da taushin rai, ba ka son ganin fuska ta ɓaci saboda kai. Ina tsoron ka shiga ajin nan ranar farko, su miƙe su gaishe ka da murya ɗaya, daɗin ya ratsa ka, ka ce bari sai mako mai zuwa, Inna ta cika zargi. Mako ya zama wata, daga nan kuma ba ka da bakin cewa haka ka iske su, ajin ya zama naka da duk abin da ke cikinsa. Ɗiyan mutane ne, Auta, an ba ka su shekararsu ta ƙarshe, da yawansu daga kai ba su da wani malami kuma.

In ka faɗi gaskiyar ajin nan aka soke kwantiraginka, ka hau mota ka dawo. Ɗakinka yana nan, ni zan share shi, kuma zan fito har titi in tarbe ka kowa yana gani. In kuwa ka rufe ido ka yi shekara kana kaɗa sanda suna rera maka, ka dawo, zan ba ka ruwa, zan tuƙa maka tuwo, don uwarka ce ni. Amma maganar lakwal ba za ta sake haɗa ni da kai ba.

Allah ya buɗe maka ƙirjin yaran nan, ya ba ka haƙurin jiran amsarsu. Ya tsare ka a aji da wajen aji, ya raba ka da zazzaɓin damina da sharrin baki, ya sa mutanen garin su riƙe ka kamar nasu. Ka kula da salla, ka tafasa ruwa kafin ka saba da shi, ka sa gidan sauro ko ana zafi. Allah ya maido mana kai lafiya, fuskarka a sake. Amin.

Innarka,
daga Konni